Kunun Kanwar Surukata

Assalamu alaikum Malama, ina gaishe ki da masu sauraro daga Kambarawa.

Na yi ɓarin cikina na fari tun yana ƙarami. Kunya ta sa maigidana kaɗai ya san da shi, don haka babu mai yi mini jaje.

Washegari sai ga surukata, wadda ko ido ba ma haɗawa, ɗauke da kunun kanwa irin na masu jego. Na ce, "Hajiya, ai ban haihu ba." Ta ce, "Tun da kika fara gudun warin daddawa na gane. Sha, 'yata. Wadda ta ɗauka ta sauke, uwa ce."

Jama'a, da wane baki zan gode wa matar da ko sunanta ba na iya faɗa?