Gadar Nu'umanu

A tashar Tambuwal muna jiran motar Kebbe ta cika, wani ma'aikacin ofis ya kashe waya yana tsaki. Kusa da shi wani magini ne, siminti ya cinye masa hannuwa.

"Ma'aikatana ke nan!" in ji mai wayar. "In ban tsaya kansu ba, ko takarda ɗaya ba ta motsi."

"Mu kam, Alhaji, shugabanmu sati ukku yana kwance, aiki bai tsaya ba."

"Wane aiki?"

"Kwalbati muke ginawa bayan Kebbe. Ranar da munka fara, ƙarshen damina, ko shebur bai ba mu ba. Ran kasuwa ce, rafi ya cika. Ya ce mu tuɓe takalma mu ƙetarar da mutane."

"Wannan ai ɓata rana ne."

"Ni ma haka nic ce. Sai ga ni goye da wata tsohuwa mai zuwa asibiti, ruwa har ƙirjina. Tsakiyar rafi ta tambayi sunana."

"To yanzu wa ke duba ku?"

"Ita mana. Duk ran kasuwa sai ta tsaya ta ce, 'Nu'umanu, yaushe zan taka gadarka?' Gadata, Alhaji! Ni in rage mata siminti?" Ya gyara hula. "Ku takardun naku, wa ke jiransu?"

"Manoma. Na rabon taki ne."

"Ma'aikatanka sun san sunan ko mutum ɗaya?"

Alhaji ya daɗe yana juya wayar a hannu.

"Bar ma'aikatan," ya ce. "Ni kaina ban sani ba."