Ba Zan Sauke Na'urar Daga Rufin Ba

Shugaban taro, shugabar makarantarmu, mai unguwa, wakilin kamfanin fasa dutse da ke bayan katangarmu, iyayena maza da mata, 'yan'uwana malamai, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka bai wa malamar kimiyya dama ta yi magana kafin a yanke hukunci a kan na'urar auna iska da muka kafa a rufin aji. An ce in sauke ta, wai tana tayar wa iyaye hankali. Na zo in faɗa a gaban kowa, da bakina, cewa ba zan sauke ta ba.

Da farko, ku san aikinta. Duk wanda ya taɓa shara da hantsi ya ga yadda ƙura ke ƙyalli a hasken da ya shigo ta taga. To, aikin ke nan. Tana zuƙo iska, ta ratsa ta da siririn haske. Babbar ƙwayar ƙura ta watsa haske da yawa, ƙarama ta watsa kaɗan, ita kuma ta ƙirga, ta ware manya daban, ƙanana daban. Ba ta da ƙane a kamfani, ba ta da ɗa a makaranta.

Na biyu, hujjar da aka kawo. Ɗazu Baba mai wanki ya tashi ya ce, "Malama, tun da masu kamfanin suka sa abin tace ƙura, fes nake kwashe fararen kaya daga igiya." Gaskiyarka, Baba, na'urar ma ta shaide ka: manyan sun ragu. Amma ƙananan fa? Waɗanda ba sa sauka a kan riga, ba sa tsayawa a hanci, sai sun dangana da huhu, suna nan yadda suke jiya. An tsabtace mana igiyar shanya, an bar mana ƙirjin yara, sannan ana so mu yi tafi. Ni dai raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Na uku. A ajina, layin gaba, kusa da taga, akwai kujerar da babu kowa a kai. Ta 'yar tela ce, ga mahaifinta can zaune a baya. Tun da numfashinta ya sarƙe ana tsakiyar darasi, likita ya ce a nisanta ta da iskar nan. Duk haɗuwarmu sai mahaifin ya tambaye ni, "Malama, yaushe zan dawo da ita?" Nakan ce masa, "Ranar da ƙananan suka ragu, ni zan zo shagonka in gaya maka."

To, jama'a, in kun sauke na'urar, da me zan san ranar? Duk mai son hawa rufin nan, tsani yana bayan ofis. Amma kafin ya taka, ya juya ya ba tela amsa.

Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ya tsare numfashin 'ya'yanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode da kuka saurare ni.