Golan da Aka Sallama

Shekarar da soja suka koma bariki ce. Malam Murtala na zaune a tasha wajen Ƙofar Kwaya yana jiran mota ta cika, wani saurayi a gefensa ya kara rediyo a kunne.

"Baba, ka ji? Kulob ɗinmu ya sayo 'yan wasa biyar daga kudu! Bana kofi namu ne."

"To, madalla. In baɗi gwamnati ta janye hannu fa, wa zai riƙe su?"

"Allah dai ya kai mu baɗin."

"A zamaninmu, yaro, cikin unguwa ake tsintar 'yan wasa. Ranar wasa mahauta su aiko da tsire, matan Ƙofar Durbi su dama fura. In an ci mu, tare muke takowa gida, da asuba ka gamu da mai tsaron baya a masallaci ka yi mashi faɗa. Waɗannan kuwa, ranar da albashi ya makara, sai dai ka ji labarinsu."

"Ai 'yan unguwar ne suka kashe mu! Dubi golan nan da aka sallama, Almu. Hannu kamar rariya."

Malam Murtala ya gyara zaman hularsa.

"Tun gemunshi bai fito ba yake tsaron ragar nan. Da karyayyen yatsa ma ya tsare ta. Har yau, duk Juma'a sai ya wanke safar hannunshi ya shanya, wai ko za a neme shi."

"Au, Baba, ka san shi ne?"

"Ni na yi mashi huɗuba."

Saurayin ya kashe rediyon.