Na tare Gwaggo a zaure saboda ƙyanda

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanku da aiki. Sunana Hafsatu daga Roni, bana na gama makarantar koyon aikin lafiya.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ƙuraje suka feso wa ƙanena Sadiƙu a bayan kunne, bayan ya yi fama da zazzaɓi da tari da jan ido. A asibiti aka ɗebi jininsa, aka ce ana zargin ƙyanda.

Washegari Gwaggo, yayar babanmu, ta zo dubiya daga Gwiwa, goye da jikarta 'yar wata bakwai. Allurar rigakafin ƙyanda kuwa sai yaro ya kai wata tara, kuma cutar ta iska take bi. Na durƙusa a zaure na ce kada ta shiga.

Ta ce, "Ke Hafsatu, ni za ki tare a gidan ƙanena?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, goyonki nake ji wa tsoro."

Ta shafa ƙafar jaririyar, ta ajiye kwanon kunun da ta kawo, ta ɗaga murya ta ce, "Sadiƙu, sannu ɗana, Allah ya ba ka lafiya." Ta juya ba ta yi mini sallama ba.

Har yanzu sakamakon gwajin bai fito ba. Ban san inda Sadiƙu ya ɗauko cutar ba, ban kuma san ko Gwaggo ta huce ba. Iyayenmu masu sauraro, yaya ake mayar da mai dubiya ba tare da an ɓata zumunci ba?