Gwajin Auduga

A bakin asibitin Azare, Babayo, manomi daga Disina, ya kasa zama. Yana ta shafa jan tabon da ke kafaɗarsa, ya matso kusa da wani dattijo.

"Baba, wai ba allura?"

"Babu. Malamin asibiti zai ce ka rufe ido, ya goga auduga a tabon. In ba ka ji ba, kuturta ce."

"To sai in saci kallo, in ce na ji! Kada a tsare ni, ga gero ya isa girbi."

"Zai sallame ka kuwa. Haka na yi shekara shida baya."

"Ka tsira ke nan!"

Dattijon ya zaro hannayensa daga cikin riga.

"Ƙirga yatsun, ɗana."

Da aka kira Babayo, tun daga ƙofa ya runtse ido.