Dambun da Na Ƙi Zubarwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Hauwa ce daga Dandume, ɗiyar manomi.

Bana na shiga kwaleji koyon girki a Funtua. Ranar jarrabawar farko na yi dambun masara da zogale. Malamarmu ta ɗanɗana cokali ɗaya, ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Juye shi a shara, ki sake."

Wallahi a gidanmu ko ƙwaya ɗaya ta faɗi, sai Baba ya sunkuya ya tsince ta. Na ƙi juyewa, ta kore ni daga aji.

Jama'a, ku ba ni shawara, in je in ba ta haƙuri? Masarar nan fa da na yi dambun da ita, Baba ne ya noma ta.