Minti Ashirin a Bakin Murhu

A kanti, wani dattijo riƙe da kwali biyu na ot, hatsin kunun Turawa, ya tsayar da wata mata.

"'Yata, mai ɗakina na kwance, likita ya ce ta riƙa shan ot. Wanne ya fi?"

"Mai tsakin nan, Baba. Bai sha niƙa da turarawa ba, ya fi riƙe sinadarin da ke kare jiki. Amma sai an yi minti ashirin ana juyawa. Wancan kuwa ruwan zafi kawai."

"Ni ko shayi ban iya dafawa ba."

"To ɗauki mai sauƙin mana, shi ma yana da amfani."

"A'a. Shekara arba'in tana tsaye bakin murhu saboda ni, minti ashirin ne zai gagare ni? Faɗa min dai, ruwa kofi nawa?"